Kafin Ka Ce Za Ka Karanci Ilimin Laifuka

A ranar 9 ga Satumba, 2021, wani malamin Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Dakta Murtala Ahmed Rufa'i, ya tsaya gaban malamai da ɗalibai da baƙi ya gabatar da lacca mai taken "I Am a Bandit", wato "Ni Ɗan Bindiga Ne". Duk wanda yake Sakkwato a watan nan ya san ba lokacin raha ba ne. A farkonsa aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, ga kasuwannin dabbobi a rufe, ga dokar hana sayar da fetur a jarka, kuma kafin watan ya ƙare an katse waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato. Kowa a garin nan yana da abin faɗa a kan 'yan bindiga. Direba da nasa, mai shayi da nasa, liman da nasa, ɗan siyasa da nasa. Abin da ya raba malamin nan da sauranmu shi ne shekara goma da ya yi yana shiga ƙauyukan Zamfara, yana zama da manoma da makiyaya da masu sarauta da 'yan sa-kai, har da su kansu masu riƙe da bindigar, yana tambaya yana rubutawa. Da ya buɗe baki sai ga sunaye, ga wurare, ga shekaru.

Ƙannena maza da mata, ku da kuke cike fom ɗin JAMB da ku da kuke laluben abin da za ku rubuta a kundin kammala digiri, da wannan lacca nake so in ja hankalinku zuwa ilimin nazarin laifuka. Shi Malam Murtala tarihi ya karanta, amma aikin da ya yi shi ne ainihin aikin fannin, kuma shi ne misalin da ya fi kusa da mu. Ana karanta fannin da sunansa a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN. Wasu kuma ta sashen ilimin zamantakewa suke shigarsa, wasu ta shari'a, wasu ta tarihi. Ƙofar da ka shiga ta cikinta ba ta dame ni ba. Abin da nake so ka sani shi ne irin zaman da ake yi a ɗakin.

Da yawa daga masu neman wannan kwas kaki suke hange: ɗan sanda, Sibil Difens, DSS, NDLEA, ko gidan gyaran hali. Babu aibi a nan, abinci ne na halal kuma ƙasa tana buƙata. Janar Abdulrahman Dambazau da ya yi Babban Hafsan Sojan Ƙasa daga 2008 zuwa 2010, daga baya ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, digirinsa na uku a wannan fanni ya yi shi a Jami'ar Keele ta Ingila, kuma littafinsa kan laifuka da tsarin hukunta su yana hannun ɗalibai har yau. Sai dai ka rarrabe ayyukan tun da wuri. Ɗan sanda yana neman wanda ya aikata. Alƙali yana duba ko an tabbatar. Shi manazarci tambayoyinsa sun fi cin lokaci: me ya sa a wannan yanki, me ya sa a wannan shekara, me ya sa waɗannan samarin aka samu ba maƙwabtansu ba, wa yake cin riba, kuma maganin da hukuma ta kawo ya yi aiki ko ƙara rura wutar ya yi. Wanda ba shi da haƙurin zama da tambaya ɗaya shekara da shekaru, gara ya nemi kakin kai tsaye.

Fannin nan da kuskure ya fara, kuma kuskuren yana nan da rai a bakunanmu. A farkon shekarun 1870 wani likita ɗan Italiya, Cesare Lombroso, ya duba ƙoƙon kan wani fursuna da ya mutu, Giuseppe Villella, mutumin Kalabiriya a kudancin ƙasar, yankin da a lokacin mutanen arewacinta suke yi wa kallon matattarar 'yan fashin daji. Ya ga wani ɗan lotsawa a ƙeyar ƙoƙon, sai ya ce ya gano sirrin: akwai mutanen da da laifi aka haife su, kuma ana iya gane su daga siffar kai da haɓa da kunne. A 1876 ya fitar da littafi, duniya ta ɗauka. Sai a 1913 wani likitan gidan yari a Ingila, Charles Goring, ya auna fursunoni kusan 3,000, ya kwatanta su da ɗalibai da sojoji da sauran mutanen gari, ya ce babu wata siffa ta mai laifi. Shi kuwa Villella, binciken baya-bayan nan ya nuna talaka ne da aka ɗaure kan sata. Ƙoƙon kansa yana ajiye a gidan tarihi a birnin Turin har gobe.

Na kawo wannan ne saboda mu ma muna da namu Lombroso, a majalisa da Facebook. Wanda ya ga dogon hanci da rawani da sanda ya ce ɗan bindiga ne, awon ƙoƙon kai yake yi. Wanda kuma ya ce duk Bahaushen ƙauye ɗan sa-kai ne mai yanka mutane a kasuwa, shi ma haka. Idan ka shiga fannin nan da hukuncinka a aljihu, ƙabilarka ce mai gaskiya ɗayar ce mai laifi, to digiri zai ƙara maka iya tsara magana ne kawai, ba zai ƙara maka sani ba.

Dubi abin da mutum yake samu idan ya ajiye hukunci ya je ya tambaya. Malam Murtala ya bi sawun lamarin zuwa 2011, lokacin da wata ƙungiya da ake kira Ƙungiyar Gayu ta ɓulla a Zamfara ƙarƙashin Kundu da Buharin Daji. Ya nuna yadda cinye burtali da makiyaya, da tatsar makiyayi a hannun wasu masu sarauta da 'yan sanda da kotuna, da kisan gilla da 'yan sa-kai suka riƙa yi a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, suka tara fushin da ƙungiyar ta yi amfani da shi wajen ɗaukar mabiya. Ya kuma nuna yadda abin da aka fara da sunan kare kai ya rikiɗe ya zama sana'a: satar shanu, sannan garkuwa da mutane, sannan ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi, har makiyayin da aka ce ana karewa ya zama cikin waɗanda aka fi kwashe wa dukiya. Buharin Daji kansa a hannun yaronsa Dogo Giɗe ya mutu a 2018. Jaridu sun fi ɗaukar ƙiyasin da malamin ya bayar na gungu kusan 120 da bindigogi 60,000, domin adadi ne yake yin kanun labari. A ganina tarihin da ya jero ya fi adadin daraja nesa ba kusa ba, domin adadin ƙiyasi ne, tarihin kuwa shi ne yake nuna inda aka yi sake.

Za a ce maka mai bayyana dalilin laifi wanke mai laifi yake yi. Za ka ji wannan daga mutanen kirki, waɗanda aka kashe wa 'yan uwa a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ko aka ƙone wa dangi a cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar. Kada ka yi musu gardama, ciwonsu ya fi ƙarfin gardama. Amma kai ka riƙe a zuciyarka cewa likitan da ya gano rijiyar da kwalara ta fito bai goyi bayan kwalara ba. Wanda ya ƙone matafiya azzalumi ne, kuma ya cancanci hukunci. Sanin yadda aka yi yaro ɗan shekara sha huɗu ya ɗauki bindiga shi ne zai hana ƙanensa ɗauka. Magana biyun nan dole su zauna tare a kanka, kuma duk ranar da ɗaya ta kori ɗaya, aikinka ya lalace.

Amfanin irin wannan bincike ya fito fili a batun Lakurawa. Sai a Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta sanar da su a matsayin sabuwar ƙungiyar ta'addanci. Mutanen Tangaza da Gudu kuwa sun san su tun wajen 2018, lokacin da aka yi ta cewa makiyaya ne kawai suka tsallako daga Nijar. Rubuce-rubucen Malam Murtala sun ambace su shekaru kafin sanarwar, har da yadda wasu shugabannin yankin suka fara karɓarsu da fatan za su kore musu ɓarayi. Takardar tana nan a rubuce, masu karanta ta ne suka yi ƙaranci. Wannan ma ka saka shi a lissafinka: za ka iya faɗin gaskiya a kan lokaci, a yi biris da kai.

Yanzu batun lissafi, wanda na san da yawanku saboda gudunsa kuka baro ajin kimiyya. Babu inda za ku tsere masa. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon wani bincike da ta yi gida-gida, ta ce tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024 gidajen Najeriya sun fuskanci laifuka kusan miliyan 52, Arewa maso Yamma ce kan gaba da miliyan 14.4, kuma an biya kuɗin fansa naira tiriliyan 2.23. Aka yi ta ja-in-ja, wasu suka ce an zuzuta, wasu suka ce an ma rage. Mutum nawa ne a cikin masu gardamar suka iya tambayar gida nawa aka shiga, yaya aka zaɓe su, kuma da wane lissafi aka faɗaɗa amsarsu ta zama ta ƙasa baki ɗaya? Wanda ya iya waɗannan tambayoyi shi ne yake da bakin magana. A cikin rahoton akwai adadin da ya fi tiriliyoyin nan muhimmanci ga ɗalibi: cikin gidajen da aka shiga aka yi wa fashi, kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai ƙara wurin 'yan sanda. Ke nan rajistar caji ofis tana nuna maka abin da aka kawo ne. Abin da aka binne a gida, ko aka kai wa mai unguwa, ko aka bar wa Allah, ba ya ciki. Fyaɗe da dukan mata da cin amanar marayu kusan duk a wannan ɓoyayyen kaso suke.

Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Abubakar, ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe tsakanin 2011 da 2019, da mata 4,983 da aka mayar zawarawa, da marayu 25,050. Marayun nan yanzu da yawansu sun zama samari da 'yan mata. Ina suke? Wa ya riƙe su? Nawa suka yi makaranta, nawa suke bara a titunan Gusau da Sakkwato, nawa suka shiga daji ko suka shiga sa-kai da niyyar ramuwa? A Amurka, Marvin Wolfgang da abokan aikinsa sun bi rayuwar yara maza 9,945 da aka haifa a 1945 suka tashi a birnin Filadelfiya. A 1972 suka fitar da sakamako: yara 627, wato kashi 6 cikin 100, su ne suka aikata fiye da rabin laifukan da aka rubuta wa dukan rukunin. Wannan bincike ɗaya ya sauya tunanin hukumomi a ƙasashe da dama. Irinsa muke buƙata a kan marayun Zamfara da gabashin Sakkwato, kuma mai yin sa sai ya kasance matashi, domin aikin shekara ashirin ne.

Kada laccar Malam Murtala ta sa wani ya ɗauki jaka ya nufi dajin Isa ko na Gundumi. Shi shekaru ya yi yana gina sanayya, da masu yi masa jagora da masu tsaya masa, kuma duk da haka ransa ya sa a kasada. Ɗalibin digirin farko ba shi da abin nema a can. Aikin da ke cikin gari ma ya fi ƙarfin masu yin sa. Saniyar sata ba ta ƙarewa a daji, sai ta bi ta hannun dillali da mai mota da mahauci. Yaya kasuwannin dabbobi suke tantance mai dabba, kuma a ina tantancewar take yoyo? Fetur da burodi da ƙwaya da layin waya duk daga gari suke tafiya. Wane ne infoma, me ake biyansa, tsoro ne ya sa shi ko kwaɗayi? Ga ƙwacen waya. Ga 'yan bangar siyasa, da abin da suke zama bayan an gama zaɓe an watsar da su. Ga shaye-shaye, wanda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Najeriya na 2018 ya ce ya shafi mutum miliyan 14.3 a ƙasar. Ga rundunar tsaron al'umma da jihar Sakkwato ta kafa a 2024, bayan Katsina da Zamfara sun kafa nasu: wa zai auna ko hare-hare sun ragu a inda aka tura su, kuma ko an kauce wa ɓarnar da 'yan sa-kai suka yi a baya?

Ga kuma gidan yari, wanda dokar 2019 ta sauya wa suna zuwa gidan gyaran hali. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Ɗalibin da zai nemi izini ya zauna da rajistar kotu ɗaya ta shekara ɗaya, ya ƙirga kwana nawa kowane mutum ya yi daga ranar da aka tsare shi zuwa ranar da aka sallame shi ko aka ɗaure shi, sau nawa aka ɗage zama, da wane dalili aka rubuta, ya yi aikin da ya fi kundi hamsin masu taken "illolin laifi ga ci gaban ƙasa" da ake kwafowa daga intanet. Ƙaramar tambaya da aka amsa da hujja ita ce take gina suna.

Akwai abin da ba a cika koyarwa a aji ba, kuma shi ne ya fi kowanne nauyi, wato amana. A ce ka je wani kango a bayan gari inda matan da suka gudo daga ƙauyukan Sabon Birni ko Rabah suka raɓe. Ka yi sallama daga waje, ka jira a ba ka izini. Ka tsuguna ka gaida Inna, ka yi mata jaje, ka yi wa mamatanta addu'a. Takarda da biro su zauna a jaka tukuna. Tambayar farko da za ta yi maka ita ce ko daga gwamnati kake, ko za a kawo abinci. A nan ake gane mutum. Ka gaya mata gaskiya: kai ɗalibi ne, ba ka da abin rabawa, kuma in ba ta son magana babu komai. Da yawa suna barin ta da zaton taimako don bakinta ya buɗe, wannan kuwa yaudara ce ko da an samu digiri da ita. In ta yarda ta yi magana, kada ka katse ta don ka cike gurbin fom. In ta yi kuka ka yi shiru. In ta ambaci sunan wanda ya nuna gidansu, sunan nan ya mutu a kunnenka. A littafinka lamba za ka ba ta, ƙauyenta ma ka sakaya shi, domin ƙauye mai gida arba'in ba ya ɓoye bazawara mai 'ya'ya shida. Muryarta kuma kada ta kwana a wayar da kake miƙa wa mai caji a bakin titi. Ita za ta koma ƙauyen nan wata rana, kai kana birni.

Ke kuma ƙanwata, a nan kin fi mu dama. Akwai abin da aka yi wa matan nan a daji wanda har abada ba za su faɗa wa namiji ba, kuma akwai zauren da namiji ba ya wucewa. Rabin labarin wannan bala'i yana cikin gida, kuma zai ci gaba da zama a rufe muddin masu binciken duk maza ne.

Kada kuma ku ɗauka tunanin nan baƙo ne a garin Shehu. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ya jero ɗabi'un sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na Hausa, irin su gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a saurari mutum, da kamuwa, da harajin da shari'a ba ta san da shi ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano kan yadda ake mulki da shari'a. Sun kalli laifin mai iko kafin su kalli na talaka. Sai a 1939 wani masanin fannin, Edwin Sutherland, ya tsaya gaban masana a Amurka ya ce fannin ya shagala da ɓarawon kasuwa ya manta da ɓarawon ofis. Ɗalibin Sakkwato da ya iya Larabci da ajami yana da taskar da takwaransa na Landan ba shi da ita: takardun da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, da fayilolin Lardin Sakkwato da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da na Gidan Arewa. Sai dai a karanta takardun Turawa da ido biyu. Waɗanda suka rubuta rahoton Satiru a 1906 su ne waɗanda suka rushe garin.

Mai son ganin yadda rayuwar manazarcin laifuka take daga farko zuwa ƙarshe, ya dubi Farfesa Femi Odekunle, wanda ake ɗauka farfesan farko na wannan fanni a Najeriya. A Jami'ar Pensilbaniya ya yi digirinsa na uku, inda Wolfgang yake koyarwa, sannan ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya shugabanci cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana laifuka a Afirka da ke Kampala. Ya shiga gwamnati a matsayin mai ba Janar Oladipo Diya shawara, kuma da aka zargi Diya da yunƙurin juyin mulki a Disambar 1997, aka haɗa da shi aka tsare. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana nazarin gidan yari sai ga shi a ciki da ankwa, sai a 1998 ya fito. A 2015 aka saka shi a kwamitin ba shugaban ƙasa shawara kan yaƙi da cin hanci, yana ciki har cutar korona ta yi ajalinsa a ƙarshen Disambar 2020. Kusantar masu mulki tana ba masani damar a ji maganarsa, tana kuma da farashinta. Ko daga nesa ma akwai farashi: a Agustan 2022 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. Duk mai taɓa wannan batu, wani zai ce ya tallata ɓarayi, wani zai ce ɗan leƙen asirin hukuma ne.

Hanyar aikin jami'a kuwa doguwa ce, kuma ba zan yi muku zaƙin baki ba. Digiri na farko, hidimar ƙasa, digiri na biyu, na uku, sannan hawa daga mataimakin malami zuwa babban malami zuwa farfesa, kowane mataki da adadin maƙalun da ake nema. Albashin ba ya kai mutum ko'ina, kuma yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Tallafin bincike na TETFund yana nan amma sai an iya rubuta buƙata, ƙungiyoyin waje kuma sukan zo da tambayarsu a shirye, su nemi ɗan gari ya tattaro musu bayanai a kan kuɗi kaɗan, sunansa ya ƙare a layin godiya. Ka yi aiki da su, amma ka nemi a sa sunanka a cikin marubuta. Malam Murtala da ɗan jarida Abdulaziz Abdulaziz sun rubuta maƙala tare da wani mai bincike, James Barnett, a wata mujallar Amurka a Janairun 2022, sunayen ukun a jere. Haka ya kamata.

Abin da zai ɗaga ka sama da tsaranka harshe ne. Turanci dole ne. Amma mai nazarin rikicin makiyaya da ba ya jin Fulfulde ta bakin tafinta yake ji, tafinta kuwa yakan tace. Daga Illela zuwa Ƙonni taku kaɗan ne, bindiga da ƙwaya da shanu ba su san iyaka ba, rahotannin can kuwa da Faransanci ake rubuta su. Ka zaɓi ɗaya ka fara tun kana aji ɗaya. In kuma Allah ya sa ka gama bincikenka, ka mayar da shi Hausa, ka kai gidan rediyo, ka koma wurin waɗanda suka ba ka labarinsu ka gaya musu abin da ka gano. Hakimi da mai gari da shugaban 'yan banga su ne masu yanke shawara a ƙauye da tsakar dare, kuma ba sa karanta mujallun Ingila.

Ba sai ka samu gurbin karatu za ka fara ba. Ka nemi laccar Malam Murtala ka karanta ta daga farko har ƙarshe, ka ja layi a duk inda kake ganin hujjarsa ba ta gamsar da kai ba, domin a nan naka binciken zai tsiro. In hutu ya zo, ka sayi littafin rubutu, ka je kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci da ta fi kusa da gidanku, ka zauna a bencin baya. Ka rubuta ƙara nawa aka kira, nawa aka ɗage, wa ya zo da lauya, wa ya zo shi kaɗai, wa aka mayar gidan yari saboda ya rasa mai tsaya masa. Ka koma washegari, ka sake komawa. Yawancin zaman kotu a buɗe yake ga kowa, kuma ba a biyan ko kwabo a ƙofa.